Dubu biyar a wata: littafin Hausa ko manga?

'Yar yayana ta gama sakandare bana, tana zaman jiran sakamako a wurina, a unguwar Jahun cikin garin Bauchi. Babanta ya yanka mata naira 5,000 duk wata, ya ce na data ne da ƙananan buƙatu. Wata Asabar ina tsince shinkafa ta zo ta durƙusa gefena, waya a hannu.

"Goggo, ki raba min gardama. Ƙawayena sun kasu biyu. Wasu suna guruf ɗin marubuta a WhatsApp, ana biyan ɗari biyar-biyar. Wasu kuma sun ce wannan tsohon yayi ne, manga ake yi yanzu. Kuɗin nan ba zai ɗauki duka biyun ba."

Na ce mata ai ba biyu ba ne, huɗu ne. Littafin Hausa da manga, wato labaran zane na Japan, kowanne akwai na takarda akwai na waya, kuma ta fuskar aljihu, ratar da ke tsakanin takarda da waya ta fi wadda ke tsakanin Kano da Japan. Littattafan Hausa tun ina aji biyu na sakandare nake karanta su, zamanin da ake haya naira 10 a kwana biyu. Manga kuwa shekara uku ke nan da yayanta, wanda ke karatu a jami'ar ATBU, ya ɗora ni a kai, ban kuma ajiye ba. Abin da na faɗa mata ranar, da wanda na tuno daga baya, shi na tattara a nan. Farashin da zan ambata wanda na biya ne da hannuna ko na ga na kusa da ni sun biya, kuma kowa ya san farashi ba ya kwana wuri ɗaya a ƙasar nan.

Abin da nake dubawa

Na farko kuɗi, amma ba na littafin kaɗai ba. Har da data, da kuɗin caji in babu wuta, da na acaɓa zuwa kasuwa da dawowa. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, abin da ake kira kyauta a waya ya tashi daga kyauta.

Na biyu daɗewa: bayan shekara guda, me ya rage a hannunki? Na uku sauƙi, wato samunsa, da harshen da aka rubuta shi da shi, da wahalar da yake bai wa ido. Na huɗu haɗari, wanda mutane suka fi rainawa: a karɓi kuɗinki a tsaya a tsakiyar labari, ko ki buɗe abin da bai kamata idonki ya gani ba, ko wayar ta kwaso cuta.

Akwai na biyar da ba ya shiga lissafi, shi ne abin da labarin ke bari a rai bayan an rufe shi. Wannan ra'ayina ne zalla, wanda ya ga dama ya saɓa.

Littafin Hausa na takarda

Shi na fi sani, don haka shi zan fi tona wa asiri.

Siraran nan da ake bugowa daga Kano kashi-kashi, na ɗaya, na biyu, na uku, na sha sayensu a 'yan kwanakin nan tsakanin naira 500 da 1,000 kowane kashi. Labari ɗaya sai ya ci 2,000 kafin a kai ƙarshensa. Masu kauri, masu bango mai kyau, daga 2,500 suke farawa. Ke nan da 5,000 labari biyu za a samu a wata, a kwana babu data. Da haya na nan kamar da, da lissafin ya yi sauƙi, amma masu hayar unguwarmu duk sun naɗe tabarma. Na ƙarshensu shagon caji ya koma.

A daɗewa babu mai kama ƙafarsa, muddin bugun na kirki ne. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗan ƙasar Bauchin nan, ya fito ne daga gasar rubutun da Baturen hukumar fassara, Rupert East, ya shirya a 1933, aka buga shi a 1934, kuma har gobe ana karanta shi. Kwafin da ke hannuna na mahaifinmu ne, bugun kamfanin ɗab'i na NNPC Zariya. Bangon ya tafi, amma babu shafin da ya ɓace. Littattafan kasuwar Kano da suka fara yawa daga shekarun 1980 kuwa wani labari ne. Takardar jarida ce, da ƙarfe biyu a tsakiya. Damina biyu ƙarfen ya yi tsatsa ya ci takardar, shafukan tsakiya su fara zubewa, kuma a tsakiyar nan ake ɗaura auren. Ina da akwatin ƙarfe cike da su a ƙarƙashin gado. Shekarar da na manta ban ɗora shi kan bulo ba, gara ta shiga ta wani ɗan rami ta cinye min kusan ashirin, ta bar min bangwaye da hotunan 'yan fim ɗin Indiya suna murmushi.

Sauƙinsa a fili yake: ba ya neman caji. Lokacin da wuta ta ɗauke a Arewa fiye da mako guda a Oktoban 2024, ana layi a wurin masu janareto, ni akwatina na jawo. Wahalarsa samu. Zagaya kasuwar Wunti ko Babbar Kasuwa, za ki tarar rumfunan littattafai sun fi cika da na addini da na makaranta. Takarda ta yi tsada, marubuta da yawa sun daina bugawa, wanda ya buga kuma sai dai ki ba da saƙo a motar Kano.

Haɗarinsa kaɗan ne, kuma na gida ne. Mai aro ba ya mayarwa, kuma kullum kashi na uku yake riƙewa. Ta fuskar tarbiyya ya fi sauran kintsi, domin wanda zai sa sunansa a bango ya kai kasuwa yana jin kunyar idon jama'a, ga kuma hukumar tace fina-finai da ɗab'i ta Kano, da aka kafa a 2001, hannunta ya fi kaiwa ga takarda.

Abin da yake bari a rai shi ne ganin kai. Idan marubuciya ta iya, za ki ji ƙamshin turaren wuta a ɗakin amarya, ki ji nauyin shirun da ke sauka a tsakar gida ranar da maigida ya ce yana da magana. Ba sai an yi miki bayanin mene ne lefe ba, ko dalilin da ya sa uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Na taɓa karanta wani inda uwargida ta tashi da asuba ta dafa wa 'yan kawo amarya abinci da hannunta, tana yi tana gyara ɗaurin ɗankwali don kada a ga idonta. Na rufe littafin na daɗe zaune, domin na san matar, a gidanmu na girma da ita. Abin da ya gundure ni kuwa shi ne jarumin da kullum ɗan attajiri ne, miskili, mai motoci bakwai, da jarumar da sai ta zama fara mai gashi har gadon baya kafin a tausaya mata. Sai ka rantse babu baƙar mace mai sa'a a duk faɗin ƙasar Hausa.

Littafin Hausa na waya

Nan kasuwar ta koma, nan kuma ƙawayen 'yata suke.

Ga yadda ake yi. Marubuciya za ta saki feji goma ko sha biyar na ɗanɗano, ta tsaya daidai inda numfashi ya ɗauke. Sai ta ajiye lambar asusu: naira 300, ko 500, wani lokaci 1,000. Ki tura, ki aika shaidar biya, a saka ki a guruf. Daga nan feji ɗaya a rana, ko duk ranar da Allah ya hore mata. Wasu suna da guruf na musamman mai tsada, inda ake samun feji biyu. Baya ga WhatsApp da Telegram akwai Wattpad, wadda aka kafa a Kanada a 2006, cike take da labaran Hausa na kyauta, sai manhajar ArewaBooks da ake saye a ciki. Wanda karatu ke ba shi wahala kuma akwai masu karantawa a YouTube, sai dai sauraron awa uku yana shan data ba kaɗan ba.

A kuɗi shi ya fi araha cikin na biya. Rubutu zalla ba ya cin data, kuma da 500 za ki samu labarin da in da bugawa aka yi zai kai kashi biyar. Samunsa ma babu wahala: kina kwance ki biya, kina kwance ki karanta.

Amma araha ba ta ado. Bara na biya 500 na shiga wani labari da ya tafi da ni sosai. Muna feji na 43, daren da yarinyar ta gano wanda ya biya mata kuɗin makaranta a ɓoye, sai shiru. Mako guda, aka ce an sace wayar marubuciyar, muka yi jaje. Wata guda, aka ce biki ake yi a gidansu, muka yi fatan alheri. Bayan wata uku sai ga tallar sabon littafinta, da lambar asusun nan dai. Mu fiye da ɗari muna zaman jiran gawon shanu har yau. Ba asarar 500 ɗin ce ta dame ni ba. Yarinyar nan ce da aka bar min tsaye a bakin ƙofa da takarda a hannu. Tun daga ranar na kafa wa kaina doka, ba na biyan labarin da ba a kammala ba, ko wace ce ta rubuta. Ban ce duka haka suke ba. Akwai waɗanda in sun ce Litinin to Litinin ce, har da ba da haƙuri in sun makara da awa biyu. Sai dai babu wanda za ki kai wa ƙara in kin faɗa hannun ɗaya ɓangaren.

Su ma marubutan ana cutarsu. Mutum ɗaya zai biya ya watsa wa guruf goma, shi ya sa za ki ga kowane feji ya fara da Allah ya isa ga wanda ya fitar ko ya karanta bai biya ba. Wadda aka turo wa irin wannan ta sani da hakkin wani take karatu.

Daɗewa kuwa, babu. Waya ta faɗa ruwa, ko ta cika aka goge, ko aka canza layi, shi ke nan. Manhaja ma ba gidan gado ba ce: Okadabooks, inda marubutan Hausa da dama suka riƙa sayar da littattafansu, ta rufe a ƙarshen Nuwamban 2023. Wadda ta samu kammalallen littafi a dunƙule ta tura shi imel ɗinta ta ajiye, dabarar ke nan kawai.

Sai babban haɗarin, batsa. A nan babu mai tacewa, wasu kuma sun gano ita ke sayar da feji. Za su rubuta a sama cewa na matan aure ne kawai, wanda duk mai hankali ya san kiran kasuwa ne ga 'yan mata. Wannan na faɗa wa 'yata ba tare da kwana-kwana ba. Ƙa'idar rubutu ma tana shan wuya: babu ƙugiya a ƙ da ɗ da ɓ, kalmomi a cakuɗe, rabin jimla Turanci. Yarinyar da za ta rubuta jarrabawar Hausa kada ta ɗauki rubutu daga nan.

Duk da haka ba zan ɓoye ba, a nan Hausa take da rai a yau. Abin da ya faru a gari wannan watan, wata mai zuwa yana cikin labari: garkuwa da mutane, shaye-shayen 'yan mata, gwajin jini kafin aure, rayuwar mai sikila. Mata da yawa da ke shiga gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, a irin waɗannan zaurukan suka koyi riƙe mai karatu. Ga daɗin sharhi bayan kowane feji, ana zagin mugu ana yi wa jaruma addu'a kamar 'yar ɗakinsu. Illar dai ita ce marubuciya tana karanta sharhin, sai ta biye wa masu surutu, labarin da ya kamata ya ƙare a feji 50 ya kai 120.

Manga a manhaja

Ranar farko da na buɗe manga ban fahimci komai ba. Sai na ga an ba da amsa kafin a yi tambaya, mutum ya faɗi kafin a buge shi. Yayan yarinyar nan ya leƙo ya kwashe da dariya, ya ce, "Goggo, daga dama ake farawa, kamar allo." Shi ke nan. Wanda ya yi makarantar allo ba ya buƙatar darasi na biyu, idonsa ya riga ya san hanya.

Manga labari ne cikin zane daga Japan, galibi baƙi da fari, ana sakinsa babi-babi a mujallu. Wadda ta fi shahara ita ce Weekly Shonen Jump ta kamfanin Shueisha, tun 1968 take fitowa. A Janairun 2019 kamfanin ya buɗe manhajar Manga Plus don masu karatu na wajen Japan, kuma tana aiki a Najeriya. Babi uku na farko da uku na baya-bayan nan kyauta ne. Labaran da ake kan sakinsu kuma, a cikin manhajar ana barin mutum ya karanta kowane babi sau ɗaya ba tare da ya biya ba. Sabon babin mujallar yana sauka ranar Lahadi da ƙarfe 4 na yamma agogonmu, daidai lokacin da Litinin ta shiga a Japan. A gidanmu an san bayan La'asar ɗin Lahadi ba a aiken yaron nan.

Ke nan kuɗinsa data ce kawai, sai dai hoto ya fi rubutu ci nesa ba kusa ba. Babi ɗaya shafi ashirin ne ko ƙasa da haka, minti biyar an gama, hannu ya kai ga na gaba. Wanda ya zauna ya share babi hamsin a dare zai ga aikinsa a ma'aunin data da safe. Tsofaffin labaran da suka riga suka ƙare kuwa sai an biya kuɗin wata, ta katin banki, kuma ba kowane kati ke wucewa ba.

Daɗewarsa ta zanen aro ce, ba ya rufe katara. Kin karanta ya wuce, babu abin da za ki ajiye, babu abin da za ki ara wa ƙanwarki.

A sauƙi, katangar ita ce harshe. Babu Hausa a ciki. Akwai Turanci, da Faransanci da wasu harsuna, kuma Turancin gajere ne, zanen yana ɗauke rabin nauyin. Na ga yaran da littafin Turanci na makaranta ke sa su hamma suna neman ma'anar kalma da kansu don su san me aka ce. Sai dai Turancin hira ne da ihu, ba na rubuta wasiƙar neman aiki ba. Ƙaramar waya kuma tana gajiyar da ido, kullum ana buɗa zane da yatsu biyu.

Haɗarinsa iri uku ne. Na farko tsawo. Labarin One Piece tun 1997 ake sakinsa, ya haura babi 1,100, bai ƙare ba. Wanda ya fara karanta shi yana firamare yanzu yana da 'ya'ya. Wani mai zanen manga, Kentaro Miura, ya rasu a 2021 bai kammala labarin da ya fara tun 1989 ba. Ashe tsayawa a feji na 43 ba a WhatsApp kaɗai ake yi ba, bambancin dai a nan ba a karɓi 500 ɗinki ba. Na biyu, zane ba ya nufin na yara. Su da kansu sun kasa shi: shonen na samari matasa, shojo na 'yan mata, seinen da josei na manya. Har a cikin na matasan akwai zubar da jini, da matan da aka zana da tufafin da bai kai na wanka ba, ba don labarin ya buƙata ba. Na uku aƙida. Akwai alloli barkatai, da mutuwa a sake dawowa a wani jiki, da bautar kakanni. Babba zai karanta ya san tatsuniya ce irin ta Gizo. Yaro ɗan shekara goma yana buƙatar wanda zai zauna kusa da shi.

To me ya riƙe ni shekara uku? Shiru. Marubutanmu ba sa barin mutum ya yi baƙin ciki sai sun bayyana shi a shafi biyu, da hawaye masu zafi da zuciya mai tafarfasa. Mai zanen manga sai ya ba ka shafi guda babu kalma ko ɗaya: takalma biyu a bakin ƙofa, kwanon shinkafa da ba a taɓa ba, bayan wani tsoho yana kallon ruwan sama. Kai za ka cike sauran. Na biyu, jarumansu suna da abin da suke nema a duniya ban da aure. Wani so yake ya iya girki, wata ta iya buga ƙwallon raga, wani ya zama likita, kuma za a nuna maka wahalar koyon, da faɗuwa, da sake tashi. Na yi ta tunanin yaushe zan karanta littafin Hausa da jarumarsa ke fafutukar iya ɗinki, a bi ta daga zare allura har buɗe shago, ba tare da wani Alhaji ya sauko daga mota ya share mata hawaye ba. Ga su da cire takalmi a ƙofa, da rusunawa, da girmama malami da na gaba, har nakan ji kamar maƙwabta ne. Abin da ke ƙona min rai shi ne faɗa ɗaya ya shafe wata uku ana yi, kowa na tsayawa tsakiyar naushi yana ba da tarihin yarintarsa.

Akwai 'yar'uwarsa ta Koriya ta Kudu a manhajar Webtoon, mai launi, ana jan ta daga sama zuwa ƙasa. Ta fi dacewa da waya, ta fi cin data, kuma soyayyarta da attajiri miskili kamar a Kano aka rubuta.

Manga na takarda

Wannan ba zan daɗe a kansa ba. Fassarar Turanci kowane kundi dala 10 ne zuwa sama, kafin kuɗin kawowa. Labarin Naruto kundi 72 ne, wato dala 720 a ƙalla, wanda a canjin naira 1,500 ya haura miliyan ɗaya. Ban taɓa cin karo da shi a rumfar littafi a Bauchi ba, sai dai a yi odarsa daga Legas ko Abuja. Bugun yana da kyau, zai yi shekaru, zanen da ya mamaye shafi biyu kuma a takarda kaɗai yake fitowa yadda mai shi ya nufa. Guda ɗaya gare mu a gidan, tsaraba ce, ana juya shi kamar ƙwai.

Sai shafukan intanet da ke ɗora manga na sata, inda komai yake kyauta. Na san nan yawancin yara suke karatu, don haka ba zan yi kamar babu su ba. Tallace-tallacen da ke faɗowa a kansu na caca ne da tsiraici, taɓawa ɗaya ta kuskure ta kai ki inda ba ki nufa ba, wani lokaci ta saukar da abin da zai lalata waya. Wayar da ake shiga asusun banki da ita ba ta da abin yi a can.

| Zaɓi | Kuɗi | Daɗewa | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Hausa, takarda | 500 zuwa 1,000 kashi ɗaya. Mai kauri 2,500 zuwa sama | Shekaru, in an tsare shi daga gara da laima | Ba caji, amma samunsa da wuya | Aro ba mayarwa, ɓatan kashi ɗaya |
| Hausa, waya | Kyauta, ko 300 zuwa 1,000; data kaɗan | Iya ran wayar | Mafi sauƙi | Labari ya tsaya, batsa, gurɓataccen rubutu |
| Manga, manhaja | Kyauta, amma data da yawa | Babu abin ajiyewa | Sai da Turanci da caji | Tsawo, zanen da bai dace ba, baƙuwar aƙida |
| Manga, takarda | Dala 10 zuwa sama kundi ɗaya | Shekaru masu yawa | Sai an yi oda | Kuɗi ya ƙare labari bai ƙare ba |

Wa ya dace da wanne

Wadda Turanci ke yi mata nauyi, ko take son labarin da zai yi mata magana da muryar gidansu, ta tsaya a littafin Hausa na waya. Sharaɗi biyu: kammalalle kawai za ta biya, kuma ta tambayi wadda ta riga ta karanta ko akwai abin kunya a ciki. Labari biyu a wata 1,000 ke nan, sauran ya tafi data.

Mai shirin jarrabawar Hausa, ko mai sha'awar ta zama marubuciya, takarda za ta nema, tsofaffin bugun Zariya musamman. A nan za ta ga inda ake raba kalma da inda ake haɗewa, ta ga yadda ake kai labari ƙarshe ba tare da 'yan sharhi sun ja shi ba. Haka wanda yake ƙauyen da wuta da sabis sai an yi sa'a.

Wanda ya gaji da kishiya da uwar miji, ko yake son Turancinsa ya saki ba tare da ya ji kamar aji yake ba, ko yaro mai zane a bayan littafin lissafi, Manga Plus ta ishe shi. Ya zaɓi labari biyu ko uku da ba su yi nisa ba ya riƙa binsu duk Lahadi. Babi uku a mako ba zai taɓa data ba. Share ɗaruruwan babi a dare shi ke cinye kuɗin wata, ya kuma sa a makara sallar Asuba.

Uwa ko uba da ke nema wa ɗan ƙasa da shekara sha uku, kada su miƙa waya su juya baya, ko Hausa ne ko manga. Su karanta babin farko da kansu, minti biyar ne. Manga na takarda kuwa na mai albashi ne da ya riga ya karanta labarin ya ƙaunace shi, yana son kundi ɗaya ko biyu a kan kanta.

Ita 'yar tawa ga yadda muka yanke: 3,000 data, ta bi manga biyu ranar Lahadi, 500 kammalallen littafin Hausa guda a wata, ni zan fara dubawa, sauran 1,500 ta riƙe na man shafawa. Na kuma miƙa mata makullin akwatin ƙarfen, da sharaɗin ko ɗaya ba zai fita daga gidan ba. Kwana huɗu ban ji motsinta ba. Ranar na biyar ina jan ruwa ta fito da littafi biyu a hannu, ido ya yi ja.

"Goggo, don Allah ina na ukun?"

Na karɓa na duba bangon. Wanda wata ƙawata ta ara ne tun kafin a haife ta.